Ciwon mara na wata-wata: tsakanin neman sauƙi da neman haihuwa

Kusan kowace ma'aikata ta gwamnati, daga Yamai har Damagaram, ta san irin wannan ma'aikaciya: kowane wata sai ta ɓace kwana 2 ko 3, in ta dawo kuma fuska a yamutse, shugaban biro yana yi mata kallon mai ƙyuya. A kasuwa ma akwai irinta, mai rumfar atamfa wadda maƙwabta suka riga suka haddace ranakun da ba ta buɗewa. Tun tana budurwa ake ba ta haƙuri, ana ce mata ciwon haila gadon mata ne, in ta yi aure zai bari. Da ta yi aure sai aka ce in ta haihu zai bari. Ga waɗansu, haihuwar ce ta ƙi zuwa, ciwon kuwa yana nan, har ya ƙaru da zafin saduwa wanda kunya ba ta bari a faɗa wa kowa.

Ba kowane ciwon mara ne cuta ba. Amma wanda ke kwantar da mace wata bayan wata, ya hana ta aiki, ya sa ta amai ko suma, sau da yawa yana da suna a wurin lokotoro, wato andometiriyoz. Cikin mahaifa akwai wata shimfiɗa mai taushi da ke kauri kowane wata domin tarbar ciki. In ciki bai shiga ba sai ta zube, ita ce jinin haila. A wannan cuta, wani nama mai kama da shimfiɗar yana tsirowa inda ba wurinsa ba: a kan gidan ƙwai, a bayan mahaifa, a jikin hanji ko mafitsara, wani lokaci har a cibiya. Idan lokacin haila ya zo shi ma sai ya kumbura ya yi jini, alhali ba shi da ƙofar fita. Daga nan ne zafi ke tasowa, da tabo, da mannewar kayan ciki da juna.

Wani lokotoro na Amurka mai suna John Sampson ne ya yi bayani a shekarar 1927 cewa jinin haila yakan koma da baya ta bututun ƙwai ya zuba cikin mara. Daga baya aka gano haka na faruwa ga mafi yawan mata ba tare da sun kamu ba, saboda haka akwai hannun gado da na garkuwar jiki a ciki. Abin da ya tabbata shi ne cutar ba sankara ba ce, ba a ɗaukar ta wajen saduwa, kuma ba ƙwayar tsarin iyali ke kawo ta ba. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa tana damun mace 1 cikin 10 na masu shekarun haihuwa, kimanin mata miliyan 190 ke nan a duniya.

An daɗe ana koyar da cewa cutar ta matan Turawa ce masu jinkirin aure. Wannan kuskure ya jawo wa matan Afirka hasara mai yawa, domin duk wadda ta zo da ciwon mara sai a ce ciwon sanyi ne, a rubuta mata maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta sha ta sake sha, wani lokaci ma maigida ya shiga zargi. Wani bincike da aka yi a Ibadan ta Najeriya, aka buga a 2015, ya sami cutar a jikin kusan rabin matan da aka leƙa cikinsu da na'ura. Ko a ƙasashen da ke da kayan aiki, mace takan yi shekaru 7 ko fiye tana yawon likita kafin a faɗa mata sunan ciwonta. Hoton ekogarafi yana nuna ƙullutun gidan ƙwai, na'urar IRM tana nuna wanda ya nutsa cikin nama, amma ƙananan ɗigo-ɗigo ba sa fitowa a hoto. Shi ya sa ƙungiyar masana haihuwa ta Turai, a ƙa'idojin da ta fitar a 2022, ta yarda a soma magani bisa alamomi ba sai an jira fiɗa ba. Ga matar da ke Tasawa ko Madawa, nesa da manyan na'urori, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Tambayar farko

Har yanzu ba a sami maganin da ke tuge wannan cuta daga saiwa ba. Duk abin da ke hannun lokotoro na kwantar da ita ne, kuma kowanne da kuɗin da jiki ke biya. Kafin a yi maganar kowane magani akwai tambaya guda da ke raba hanya biyu: matar tana neman ciki yanzu, ko kuwa sauƙin ciwo take nema? Dalili kuwa, kusan duk magungunan da ke kwantar da cutar suna yin haka ne ta hanyar dakatar da haila, mai dakatar da haila kuma yana dakatar da ɗaukar ciki muddin ana shan sa.

A ɗauki misalin mata biyu. Ta farko malamar makaranta ce a Maraɗi, shekarunta 26, aurenta shekara 3, ba ta taɓa ko ɓari ba, dangin miji sun soma ƙus-ƙus. Ta biyu matar ɗan kasuwa ce a Tawa, shekarunta 39, ƴaƴanta 6, ba abin da take so illa ta kwana lafiya. Cutarsu ɗaya, amma abin da zai zama rahama ga ta biyu yana iya cinye wa ta farko shekara guda ko biyu daga cikin shekarun da ta fi bukata. A ƙasar da ƙididdigar 2012 ta nuna kowace mace tana haihuwar ƴaƴa sama da 7, ta 2021 kuma 6 da ɗoriya, ba sai an faɗa wa mai karatu abin da shekara biyu ba goyo ke nufi a gidan aure ba.

Matakin farko, wanda bai hana ciki, shi ne maganin rage zafi: parasetamol, da dangin ibuprofen da diklofenak. Sun fi aiki in an soma su da alamar farko ta haila, ba sai ciwo ya kai intaha ba. Aibinsu sananne ne amma ana raina shi. Shan su da yawa, musamman da cikin wofi, yana kawo gyambon ciki har da aman jini, yana kuma taɓa ƙoda, balle a lokacin bazara da jiki ke ƙarancin ruwa. Wadda take sayen su a farmasin ƙasa, a tiren mai talla da rana ta gasa, ba ta san ƙarfin abin da take haɗiya ba. Mafi muni shi ne taramadol, wanda ke soma wa mace da sauƙin kwana uku ya ƙare da kamun da ba ta iya rabuwa da shi.

Magungunan da ke kwantar da haila

Cutar tana rayuwa ne da wani sinadari da gidan ƙwai ke fitarwa, estorojen. Duk dabarar magungunan wannan aji ita ce a rage shi ko a danne aikinsa. Abin mamaki, mafi sauƙinsu suna nan a cibiyoyin lafiya na unguwa, ana ba da su da sunan tsarin iyali, wanda gwamnati ta mayar kyauta a shekarar 2006. Mata da yawa suna wucewa ta gabansu ba su san maganin ciwonsu ba ne, mazaje da yawa kuma suna hana su domin sunan da ke kan kwalin.

Ƙwayar da ake sha kullum, mai haɗin sinadari biyu, ita ce aka fi somawa da ita. Lokotoro yakan ce a sha ta a jere ba hutu, domin hailar ta ɗauke watanni. Takan kawo tashin zuciya, ciwon kai da nauyin nono a watannin farko, yawanci su wuce. Haɗarinta na gaske, ko da yake ba kasafai ba, shi ne daskarewar jini a jijiya. Saboda haka ba a ba mai hawan jini, ko wadda ta taɓa samun gudan jini a ƙafa, ko mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido, ko wadda ta wuce 35 tana shan taba. Alherinta ga malamar Maraɗi shi ne in ta bari, cikin wata ɗaya zuwa uku ƙwai ya dawo bakin aiki.

Allurar wata uku, Depo-Provera, ko ƙanwarta Sayana Press da aka soma bayarwa a Nijar a 2014, tana da ƙarfi wajen kashe zafi, kuma bayan shekara guda kusan rabin masu yin ta ba sa ganin haila sam. Sai dai tana ƙara ƙiba ga waɗansu, tana rage ƙarfin ƙashi in an daɗe, ko da yake yakan farfaɗo bayan an bari. Babban abin lura shi ne jinkiri: daga allurar ƙarshe zuwa ɗaukar ciki akan yi kimanin wata 10, wasu har shekara ɗaya da rabi. Ga matar Tawa wannan ba kome ba ne. Ga ta Maraɗi kuwa, in an yi mata ita ba a faɗa mata wannan ba, an zalunce ta.

Akwai kuma ɗan tsinken da ake sawa a ƙarƙashin fatar damtse, da robar da ake sawa cikin mahaifa. A nan sai an yi hattara, domin robar iri biyu ce. Mai sinadari, irin su Mirena, tana rage jini da zafi har shekara 5 ko fiye. Mai jan ƙarfe kuwa, wadda ta fi yawa a cibiyoyin gwamnati, ƙara jinin haila da ciwon mara take yi. Mai wannan cuta da aka sa wa ita ta gudu daga ruwa ta faɗa kogi. Sai ƙwayar dienogest, da aka fi sani da Visanne, mai miligiram 2 a kullum, wadda aka amince da ita a Turai a 2009 musamman domin wannan cuta. Tana aiki ƙwarai, amma sai an saya a farmasi wata bayan wata, kuma waɗansu tana sa musu ciwon kai, ƙuraje da baƙin rai.

Aibin da ya haɗa allura, tsinke, roba da dienogest shi ne ɗigon jini ba bisa lokaci ba, musamman a wata 3 zuwa 6 na farko. A takardar magani an rubuta shi cikin ƙananan illoli. A gidan Musulma kuwa ba ƙarami ba ne, domin ya shafi salla da azumi da shimfiɗar aure, kuma shi ne ya fi sa mata yar da magani tun bai soma aiki ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da rarrabe jinin haila da jinin ciwo, kuma na biyun ba ya hana ibada. Matar da sajfam ta yi wa bayani tun farko, ta kuma tambayi malami hukuncin halinta, ta fi jurewa har jinin ya daidaita.

In waɗannan sun kasa, akwai allurai masu nauyi irin su Decapeptyl da Zoladex, na wata ɗaya ko na wata uku. Su kan rufe gidan ƙwai ruf, su jefa mace ƴar shekara 30 cikin halin wadda haila ta ɗauke wa don tsufa. Zafi yakan ƙaru a sati biyun farko, sa'annan ya faɗi sosai. Amma sai ga zufa da wani zafi mai tasowa daga ƙirji zuwa fuska, rashin barci, bushewar gaba, saurin fushi. Mai karatu ya auna wannan da zafin watan Afirilu a Tawa ranar da wuta ta ɗauke. Suna kuma cin ƙashi, shi ya sa ba a wuce wata 6 da su sai an haɗa da ƙwayar da ke mayar wa jiki ɗan abin da aka ɗauke masa. Tsadarsu kan kai ga taɓa albashi ko jarin rumfa, kuma watanni bayan an bari ciwon yakan dawo. An fito da masu irin wannan aiki na haɗiya, ɗaya a Amurka a 2018, wani a 2022, su ma da irin wannan illa gwargwadon ƙarfinsu.

Danazol, wanda ya yi tashe a shekarun 1970 da 1980, ƙa'idojin 2022 sun ajiye shi gefe. Yana fito da gashi a haɓa, yana taɓa hanta, yana cutar da ɗan tayi, kuma yana iya mayar da muryar mace ta namiji, muryar da ba ta komawa ko an bar shan sa. Wadda ta gan shi a ordinansi tana da haƙƙin tambayar dalili.

Wuƙa

Jama'a sukan ɗauka fiɗa ita ce ƙarshen magana: a buɗe, a cire, a huta. Hanyar da aka fi so ita ce seliyoskopi, inda ake huda ciki wuri 3 ko 4, kowace huda ba ta wuce faɗin yatsa ba, a zura madubi da ƙananan kayan aiki, a yanke ko a ƙone naman da ya ɓata hanya, a raba abin da ya manne. Mace takan tashi cikin kwanaki kaɗan, kuma da yawa suna samun sauƙi na gaske. Amma bincike ya nuna cutar tana dawowa ga kimanin 20 cikin 100 a shekara 2, ga 40 zuwa 50 cikin 100 a shekara 5. Saboda haka wadda ba ta neman ciki, ana ɗora ta kan ƙwaya ko roba mai sinadari da zarar an gama aikin.

Inda awo ya fi wuya shi ne ƙullutun gidan ƙwai, wanda ke cike da tsohon jini mai kauri, baƙi-baƙi. In an tsotse shi kawai, yana sake cika. In an ɓare shi da bangonsa, ya fi jinkirin dawowa, amma wuƙa takan tafi da wani yanki na lafiyayyen gidan ƙwai. Mace kuwa da adadin ƙwanta ake haihuwarta, ba ya ƙaruwa, raguwa yake yi. Aiki na farko yakan rage shi, na biyu ya fi ragewa, balle in ɓangarorin biyu ne. Shi ya sa gwanayen wannan fanni suke cewa aikin farko shi ne mai daraja, a yi shi a hannun wanda ya saba, kuma kada a riƙa maimaita shi kamar aski. Ga wanda ke Maraɗi, Damagaram ko Tawa, hanya takan soma daga cibiyar lafiyar uwa da yaro ta jiha, in abin ya yi zurfi a tura shi Yamai, inda Matarnite Isaka Gazobi take karɓar matsalolin mata masu wuya.

Akwai halin da fiɗa ba zaɓi ba ce, tilas ce: in cutar ta shaƙe hanji, ko ta matse bututun da ke kai fitsari daga ƙoda, domin ƙoda tana iya mutuwa shiru ba tare da ciwo ba. Irin wannan aiki babba ne, yana iya barin yoyo ko wahalar fitsari, kuma yana son lokotoron mata da na hanji su tsaya tare.

Cire mahaifa gaba ɗaya shi ne matakin ƙarshe, ga wadda ta gama haihuwa kuma kome ya kasa. Ko shi ba tabbas ba ne, tun da cutar a wajen mahaifa take zaune. In an bar ɗigonta a jikin hanji, ciwon yana nan. In an haɗa da gidan ƙwai kuwa, mace ta shiga tsufan jiki a dare ɗaya, da raunin ƙashi da haɗarin ciwon zuciya, sai dai a riƙa mayar mata da sinadarin har ta kai shekarun da haila ke ɗaukewa da kanta. Matar Tawa, da shekaru 39, tana da sauran shekara 10 ko fiye kafin nan. Abin da aka cire ba ya komawa, saboda haka ba shawarar da za a yanke a ranar da ciwo ya fi tsanani ba ce.

Saura malamar Maraɗi. Abin da ya kamata ta fara ji shi ne cutar ba hukuncin rashin haihuwa ba ce: kimanin 30 zuwa 50 cikin 100 na masu ita ne ke samun wahalar ɗaukar ciki, sauran suna haihuwa ba da taimakon kowa ba. Na biyu, shan maganin kwantar da haila na wata shida ba ya ƙara mata damar ciki bayan ta bari, lokaci kawai yake ci. Fiɗa tana ɗan ƙara damar in cutar ba ta yi zurfi ba. In bututun ƙwai sun toshe, ko shekaru sun ja, sai haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji a dasa a mahaifa, dabarar da aka haifi jaririyar farko da ita a Ingila a 1978. Masu hali sukan nufi Abuja ko Tunis dominta, kuɗin kuwa na miliyoyi ne, kuma sau da yawa sai an maimaita. Cikin da aka samu yakan kwantar da ciwon har zuwa yaye, amma ba ya warkar da shi, duk da abin da tsofaffi ke faɗa.

Kafin a kai ga wuƙa ko tikitin jirgi akwai wani gwaji mai araha da ake yawan tsallakewa, domin ya shafi mai riƙe da jakar kuɗi. A kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa wuya, akwai rabon namiji a cikin matsalar. Gwajin maniyyi ba ya ɗaukar fiye da safiya ɗaya. Abin takaici ne a yanka mace a rage mata ƙwai, ko a yi mata kishiya, alhali ba a taɓa duba maigida ba. Haka kuma mijin da ya hana ƙwayar tsarin iyali ga matar da ba ciki take nema ba, sai ya san cewa ya hana ta mafi arahar maganin ciwonta, ya bar ta da diklofenak da gyambon ciki.

Ba a sanin maganin da ya dace da jikin mace sai an gwada, kuma ba a yanke masa hukunci kafin wata 3 zuwa 6, sai fa in ya kawo kumburin ƙafa ɗaya, ciwon ƙirji, ciwon kai mai tsanani ko baƙin ran da ya wuce misali, waɗanda ke bukatar a koma likita a ranar. Abin da ya fi taimakon lokotoro a wannan awo shi ne ƙaramin littafi irin na ƴan makaranta, inda matar za ta riƙa rubuta ranar da jini ya zo da ranar da ya ɗauke, ƙarfin zafi daga 1 zuwa 10, yawan ƙwayoyin da ta sha, da kwanakin da ta kasa zuwa aiki ko buɗe rumfa. Da shi ake gane ko a ci gaba, ko a sauya daga ƙwaya zuwa roba, ko lokacin tura ta Yamai ya yi.